Rubutun da Aka Ce Ya Lalace

Salamu alaikum, masu karatuna. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta rubuto ta ce wai amarya ta ga lefe ta manta da mutane. Ban manta ba, 'yar uwa. Kwana biyu ke nan ina ɗaukar waya in ajiye, don abin da za ni faɗa muku yau, ni kaina da ya same ni bai gama zauna min a ciki ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Luba, ɗiyar marigayi Malam Maliki na Sabon Birni. Shekarata ashirin da huɗu, ina buga takardu a shagon kwamfuta na Anti Jamilatu da ke bakin kasuwa. Saura sati biyar a ɗaura min aure da Amiru, ma'aikacin wata ƙungiyar taimakon manoma mai ofis a Isa. Ba wanda ya haɗa mu. Ni na gan shi na ce ina so, yau shekara uku. Ina faɗa ne don kada gaba ku ɗora wa wani laifi.

Bana ma kamar bara. Ruwa ya sauka sau uku, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta washe kamar ba ta taɓa sanin hadari ba. A gonarmu ta Tsamaye ganye ya nannaɗe, ka ce wuta aka bi shi da ita. Rumbunmu tun kafin babbar salla ake sharar ƙasansa. Geron da muke tuwo da shi yanzu Amiru ya kawo a bayan babur, ya sauke a zaure, ya kaɗe rigarsa, bai ce kowa ya gode ba. Irin wannan halin ne ya sa na so shi.

Babana malami ne, manomi kuma. Shekara talatin yana rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da ya ɗauke, yana ware irin gero mai saurin nuna har mutane suka sa masa suna Ɗan Tsamaye. Da tsufa ya zo, wani tsohon ɗalibinsa da ya dawo daga karatu a waje ya ba shi tsohuwar kwamfutar cinya mai haruffan Larabci. Baba ya zauna a zaure shekara uku yana danna ta da yatsa ɗaya, yana kwashe abin da ke cikin takardunsa da gara ta fara ci, duk da ajami. In na kai masa fura na leƙa, sai ya rufe da hannun riga ya ce, "Ba ta nuna ba tukuna, Lubabatu." Amiru kuwa kusan kullum yana gefensa bayan la'asar, yana tambaya, Baba yana ba shi amsa.

Da Baba ya rasu, bayan sadakar arba'in, Amiru ya ce batirin kwamfutar ya kumbura, bari ya kai ta Isa a duba. Sati uku ya dawo da ƙaramin filash baƙi, fuskarsa a ɓace. Ya ce kwamfuta ta mutu, abin da aka iya cirowa ke nan. A shagonmu ya sa shi, a gabana ya buɗe fayil ɗin. Abin da ya fito ba Larabci ba, ba boko ba. Layin farko har yau yana idona: ÈÓã Çááå. Haka shafi bayan shafi, haruffa masu hula da ƙaho.

Ya ce, "Ya lalace, Luba. Na kai wa mutum uku. Sai haƙuri."

Na yi kuka ranar kamar an sake yi min rasuwa. Shi ya miƙo min hankici. Na ɗauki filash ɗin na sa a gwangwanin da nake ajiye 'yan kunne, don kawai hannun Baba ya taɓa abin da ke ciki.

Bayan wata biyar Amiru ya zo min da littafin rubutu cike da rubutun hannunsa na boko. Ya ce littafi ya rubuta kan noman gero a shekarar fari, ƙungiyarsu za ta raba shi tare da iri. Ni na buga shi, shafi sittin da biyu, ban karɓi ko sisi ba. Ina bugawa ina jin ƙamshin maganar Baba, na ce masa, "Yaya Amiru, ko za ka sa sunan Baba a wurin godiya?" Ya ce ai a wurinsa ya koya, amma ƙungiya ba ta yarda a ware mutum ɗaya, sai dai a ce an gode wa manoman yankinmu. Na yarda. Har alfahari na yi. Aka sa ranar Asabar za a ƙaddamar da littafin a Isa, shagonmu aka ba aikin gurza kwafi ɗari uku.

To, ranar Talata da hantsi, ina sanye da atamfata kore mai zanen ganye, ɗaya daga cikin na lefe da na kasa haƙuri na ɗinka, sai ga Malam Na'Allah, malamin Islamiyya daga Unguwar Lalle, ya shigo yana gumi. Tambayoyin jarrabawar Larabci ya kawo a buga masa. Na sa filash ɗinsa, na buɗe. Haruffan nan ne masu hula da ƙaho.

Na ce, "Malam, wannan ya lalace."

Ya dafe kai. "Innalillahi. Gobe hwa yara ka zama jarrabawa."

Anti Jamilatu tana can ciki tana cin gyaɗa, ta taso tana gyara mayafi. Ta leƙa ta saman tabarau ta yi dariya.

"Wa ya ce miki ya lalace? Matsa ki gani."

Ta zauna a kujerata, ta fara yin kwafin fayil ɗin ta ajiye gefe, sannan ta buɗe shi da Notepad++. Ta je sama inda aka rubuta Encoding, ta bi jerin har ta kai na Larabci, ta danna Windows-1256. Kafin in ƙifta ido, shafin ya juye daga dama zuwa hagu, Larabci tsaf, har da wasulla.

Malam Na'Allah ya ce, "Allahu akbar! Hajiya, mi kinka yi mishi?"

"Ban yi mishi komi ba, Malam. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohuwar na'urarku ta ajiye lambobin da tsarin Larabci, tamu kuma tana karanta su da tsarin Turanci. Gaya mata kawai na yi da wane tsari anka rubuta." Ta juyo gare ni. "Ke kuma ki kula. Sai ya fito daidai tukuna, sannan ki juya shi zuwa UTF-8 ki ajiye, daga nan ko a waya zai buɗe. In kika juya shi tun yana shirme, shirmen kika ajiye."

Ban san sanda na ce, "Anti, ko fayil ɗin ya shekara haka?"

"Ko ya shekara goma. Rubutun yana nan, ba abin da ya same shi."

Jama'a, ban tsaya neman izini ba. Na ja hijabina na fita, rana tana dukan tsakar kai, na yi gida da sauri har takalmina ya tsinke a ƙofar masallaci. Na zazzage gwangwanin a kan gado, na dawo da takalmi ɗaya a hannu. Lokacin ba wani zargi a raina, wallahi. Murna kawai nake, ina cewa bari in gyara in kira Yaya Amiru in ba shi mamaki.

Na yi kwafi, na buɗe, na bi inda Anti ta bi. Na danna.

Bismillah ce ta fara fitowa. Waɗannan haruffan da suka sa ni kuka, ashe bismillar Baba ce. A ƙasanta ajaminsa, da yadda yake jan magana, da "to fa" ɗinsa a farkon zance. Na rufe baki da hijabi ina karantawa ina hawaye. Na wuce shafi na farko, na biyu. A na uku na ji bakina yana riga idona. Na san abin da zai biyo baya kafin in karanta shi.

Na buɗe littafin Amiru a gefe ɗaya, na jera su.

Amiru ya rubuta: "Wata shekara ruwa ya ɗauke kwana talatin da bakwai. Na bi gona na ɗaure kowace zangarniyar da ta riga 'yan uwanta nuna da jan tsumma. Su na ware iri."

Baba ya rubuta: "Shekarar da anka haifi Luba ruwa ya ɗauke kwana talatin da bakwai. Na bi gona na ɗaure kowace zangarniyar da ta riga 'yan uwanta nuna da jan tsumma. Su na ware iri."

Shekarar da aka haife ni, Amiru yana ɗan shekara biyar.

Na duba wurare goma sha wani abu, duk haka. Inda Baba ya ambaci sunana ko na Inna ko na gonarmu, an cire. Sauran kalma ba ta canja ba. Sai a lokacin na gane sati ukun nan na Isa. A tsohuwar kwamfutar rubutun yana fitowa lafiya, ya zauna ya kwafe shi da biro. Ya kawo min filash yana da tabbacin ba inda zai sake buɗewa.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Amaryata ya aiki? An fara gurzawa?"

Na karanta saƙon. Na rubuta, "Ba a fara ba. Ka zo gida da la'asar."

"Lafiya dai? Kewata ce ta motsa?" Har da hoton zuciya biyu.

"Fayil ɗin Baba ya buɗe."

Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Sai can ya turo, "Ina zuwa."

Na juya fayil ɗin zuwa UTF-8 kamar yadda Anti ta ce, na tura kwafi wayata, na rufe kwamfuta na tafi gida.

Na tarar da Inna a gindin murhu tana tankaɗen gari, zanenta na gida ɗaure a ƙirji, kallabinta ya zame. Na tsuguna na gaya mata komai, ina nuna mata waya duk da na san ba ta gani sai da tabarau. Ina jira ta saki rariya ta yi salati. Ba ta saki ba.

"Inna, kin ji abin da na ce?"

"Na ji."

"Aikin Baba ne ya ɗauke ya sa sunanshi!"

"Rage murya, maƙwabta na ji." Ta buga rariyar a gefen ƙwarya. "Na sani, Luba."

Na zauna daɓas a ƙasa.

Ta ce, "Ranar da kinka zo da takardun kina karanta muna a tsakar gida kina washe baki, tun layi na biyu na gane. Shekara talatin da ɗaya ina jin maganar mutumin nan. Ko cikin barci anka karanta min na san tashi ce."

"Kika yi shiru?"

"In ce mi? Wanga garin da nike tankaɗe, daga ina ya hito? Ƙannenki ukku da mi za su kwana? Babanki ya tahi, suna ba ya ƙara mishi komi inda yake. Mu ne ka jin yunwa."

"Inna, sata ce."

"Ban ce ba ita ba ce." Sai yanzu ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Baffanki Bawa ya tsaida rana, an raba goro, akwatuna suna ɗakinki. Ki haɗiye, ɗiyata. Na haɗiye wata huɗu, ban mutu ba."

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci ɗaya ba sai ranar. Na tashi na shiga ɗaki, na zauna ina kallon akwatunan nan masu ruwan goro, jere har saman taga.

Ana idar da la'asar na ji babur. Ya zo cikin farar shadda mai aikin ruwan toka, hula zanna, turarensa ya riga shi shiga zaure. A nan Baba yake zama. Buzunsa ma yana rataye a bango. Ban shimfiɗa masa tabarma ba, shi ma bai nema ba.

"Wa ya buɗe miki?" Abin da ya fara tambaya ke nan. Ko gaisuwa babu.

"Mutum ukun da ka kai wa, su waye?"

Ya cire hula ya shafa kai. "Luba, ki saurare ni da hankali, ba da zuciya ba."

"Ina kwamfutar Baba?"

"Ta mutu da gaske. Daga baya."

"Bayan ka gama kwafewa."

Bai musa ba. Ya jingina da bango ya ce, "Na kai wa ƙungiyarmu maganar Malam tun yana da rai. Kin san abin da ogana ya ce? Wai wa zai ba da tallafi kan rubutun ajamin wani malamin ƙauye? Suna son sunan ma'aikacinsu mai takardar shaida, shi za su nuna wa masu ba da taimako. Da ban yi haka ba, da aikin nan yana cikin gwangwaninki har abada."

"Kai ka sa shi a gwangwanin. Ka tsaya kana kallona ina kuka, ka ba ni hankici."

"Na yi kuskure a nan."

"Ka sa na buga maganar ubana da hannuna, na rubuta sunanka a kai."

"Sunana ai naki ne nan da sati biyar. Gida ɗaya abin zai shiga." Ya matso, ya sassauta murya, irin muryar da yake min a waya. "Ki ji abin da ke gaba. Saboda littafin nan aka amince za a sayi irin Ɗan Tsamaye a raba wa ƙauyukan Kamarawa da Unguwar Lalle da Tsamaye kafin damina mai zuwa. In magana ta fita ranar Asabar, ni za a kora, shirin kuma a rufe shi, don ba mai son sunansa cikin abin kunya. Mutanen da gonarsu ta ƙone shekara biyu a jere, ke za ki je ki yi musu bayani?"

Masu karatu, abin da ya fi ci min rai shi ne ban san ko ƙarya yake ba. Mai yiwuwa gaskiya ce. Na san matan Kamarawa da ke zuwa shagonmu hoton katin shaida, na ga yadda wuyansu ya zama.

Ya miƙo hannu. "Ba ni filash ɗin in adana. Bayan biki, in abubuwa sun lafa, na yi miki alkawari bugu na biyu za a sa sunan Malam."

Na ji motsin Inna a bayan ƙyauren zaure, numfashinta ma ina ji. Na zura hannu a jaka na ɗauko na sa masa a tafin hannu. Ya sauke ajiyar zuciya, ya jefa shi a aljihun gaba, ya mayar da hularsa.

"Allah ya yi miki albarka, Lubana. Na san ke mai hankali ce."

Bai tambaye ni ko akwai kwafi ba. Ni ma ban faɗa ba.

Washegari na riga Anti Jamilatu zuwa shago. Na share, na kunna janareta, na tura fayil ɗin daga wayata zuwa kwamfuta. Jiya tsalle-tsalle na yi ta yi a cikinsa, yau na ce sai na kai ƙarshe. Littafin Amiru ya ƙare a babin ajiyar iri. Na Baba bai ƙare a nan ba. Akwai rabin shafi a ƙasa, an rubuta shi sati biyu kafin ya kwanta ciwo.

"To fa, na gaji, ido ya yi rauni. Wanga aiki in Allah ya karɓi raina, ɗiyata Lubabatu za ta juya shi boko, don ita ta san ajami ta san na'ura, kuma ta san muryata. A sa sunanta ƙasa da nawa. Ban gaya mata ba, ina so ta gani da kanta. Amiru yaron kirki ne, ya taimake ta ya kai shi inda za a ji."

Na karanta sau uku. Wannan rabin shafin yana cikin kwamfutar da Amiru ya riƙe sati uku. Ya kai nan, ya karanta shi kamar yadda na karanta, ya rufe biro. Sannan ya ɗauko littafinsa ya kawo min in buga masa.

Ban yi kuka ba. Na zauna ina jin ƙarar janareta, ina kallon takardun da aka jibge a kusurwa don aikinsa.

Saƙo ya shigo. "Barka da safiya amaryata. Don Allah a fara gurza bangon yau, Juma'a zan turo mota ta kwasa."

Na rubuta, "To."

Anti Jamilatu ta shigo tana sallama, ta ajiye jakarta. "Ke lafiya kika yi sammako haka? Buɗe bangon littafin angon naki mu gani, in babu gyara mu sa a inji."

Na buɗe. Hoton zangarniyar gero a tsakiya, sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe, ni na zaɓa masa su da kaina. Na tuna Inna da rariyarta, na tuna matan Kamarawa. Ban san abin da zai same su ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku ban ce na yi daidai ba.

Na ce, "Akwai gyara, Anti."

Na kai alamar rubutu ƙarshen sunansa, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, na fara cinye shi daga baya, harafi ɗaya-ɗaya, ina buɗe wa sunan Baba wuri.